Abdul Karimu da Dutsen Aljannu

Ku 'yan makaranta, kun ji labarin Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdul Karimu. A watan Yuli na 1850, kan hanyarsa daga Tarabulus, ya hango dutsen Idinen kusa da Gat, ya ce sai ya hau. Ya nemi ɗan jagora, Buzaye suka ƙi, wai fadar aljannu ce. Sai ya tafi shi kaɗai, wannan kuwa ganganci ne. Wajen komowa hanya ta ɓace masa, ruwansa ya ƙare, har ya tsotsi jinin hannunsa don ƙishirwa. Kashegari wani Buzu ya bi sawunsa bisa raƙumi, ya tarad da shi kwance gindin itace. Da ba don Buzun nan ba, da bai shiga Kano a 1851 ba.