Yadda mabiya addinin Buddha ke koya wa yara natsuwa

Koya wa yara ƙanana tattara hankali wuri guda, tare da kula da itatuwa, ruwa da dabbobi, tsohuwar al'ada ce a ƙasashen da addinin Buddha ya yi ƙarfi, kamar Thailand da Bhutan da Sri Lanka. A 'yan shekarun nan kuma al'adar ta shiga makarantun Turai da Amurka, inda ta janyo muhawara.

Asali

An haifi Siddhartha Gautama, wanda ya kafa addinin, a Lumbini da ke Nepal ta yanzu, kimanin shekaru 2,500 da suka wuce. Mabiyansa sun yi imanin cewa a gindin wata itaciya a Bodh Gaya ta ƙasar Indiya ya samu wayewar zuciya, shi ya sa suke girmama itatuwa.

Littattafansu sun ce ɗansa Rahula yana da shekara bakwai ya shiga sahun masu zuhudu. Mahaifin ya koya masa ya riƙa duba aikinsa kamar mai duba madubi, kafin ya yi shi, da lokacin da yake yi, da kuma bayan ya gama, don ya ga ko zai cutar da shi ko da wani.

Yadda ake koyarwa

Malamin da ya fi yin fice a wannan fanni shi ne Thich Nhat Hanh, ɗan ƙasar Vietnam, wanda ya kafa cibiyar Plum Village a kudu maso yammacin Faransa a 1982, ya kuma rasu a 2022.

A tsarinsa, idan aka kaɗa ƙararrawa kowa zai dakata, ya ja numfashi sau uku. Akan kuma ba yaro tsakuwa huɗu. Ta farko na wakiltar fure, ta biyu dutse, ta uku ruwan da ya kwanta, ta huɗu kuma sarari. Yaron zai ɗauki kowacce yana numfashi a hankali, yana tunanin siffarta a cikin kansa.

A Bhutan, gwamnati ta shigar da ɗan gajeren zaman natsuwa cikin harkokin makarantu daga 2010, tare da shirin kula da muhalli. Tsarin mulkin ƙasar na 2008 ya wajabta barin aƙalla kashi 60 cikin ɗari na ƙasar a matsayin daji.

A arewacin Thailand kuwa, tun ƙarshen shekarun 1980 malamai suka fara ɗaura wa manyan itatuwa ƙyalle mai ruwan goro irin wanda suke sawa, domin masu saran daji su ji nauyin taɓa su. Akan kai yaran ƙauye su halarci bikin.

Muhawara

A 1979 Jon Kabat-Zinn na Jami'ar Massachusetts a Amurka ya cire sigar addini daga wannan horo, ya mai da shi hanyar rage damuwa ga marasa lafiya. Daga nan ne ya bazu zuwa azuzuwa.

Sai dai wani babban bincike da Jami'ar Oxford ta jagoranta a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2022, ya bi ɗalibai fiye da 8,000 masu shekaru 11 zuwa 14, ya kuma gano cewa darussan ba su fi koyarwar da aka saba ba wajen inganta lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Yawancin ɗaliban ba su ci gaba da yin atisayen a gida ba.

Akwai kuma batun aƙida. Wasu iyaye mabiya wasu addinai na ganin ana shigo wa 'ya'yansu da ibadar da ba tasu ba ta bayan gida, yayin da masu shirya darussan ke cewa numfashi da natsuwa ba su keɓanta da wani addini ba.

Su ma wasu malaman Buddha na ƙorafin cewa an ɗauki atisayen an bar tarbiyyar da ke tare da shi, wato hana kisa, sata da ƙarya.