Daga Burmi zuwa Hawata: Darasi kan Zaɓen Batun Bincike

Sau da yawa ɗalibi kan gabatar da "Tarihin Hausawa a Sudan" a matsayin batun aikin jinga mai shafi goma. Batun yana da daraja, amma ba a tauna taura biyu a lokaci guda, balle huɗu. Mu dubi tarihin kansa, mu ga dalili.

Tun kafin zuwan Turawa, maniyyata daga ƙasar Hausa kan bi ta Borno da Wadai da Darfur zuwa tashar Sawakin, wasu kuma su yada zango har abada a hanya. A Yulin 1903 sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Farko a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sannar, noman auduga na Jazira ya buɗe ƙofar ƙwadago. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya haɗa Kassala da Gadarif da Sannar, ya ratsa Hawata da ke bakin kogin Rahad. Daga shekarun 1940 noman dawa da injina ya bunƙasa a yankin Gadarif, ya jawo ƙarin ma'aikata.

Hajji, hijira, layin dogo, noma: kowanne littafi ne mai zaman kansa. Wasu ma an riga an yi su. Mark Duffield ya wallafa nazari kan Mai Wurno a 1981, Al-Amin Abu-Manga kuma ya bi diddigin tasirin Larabci kan Hausar Sudan a littafinsa na 1999.

Saboda haka ɗalibi ya auna batunsa da ma'auni uku: wuri guda, zamani ƙayyadadde, da madogarar da hannunsa zai kai gare ta. Misali, "Kalmomin noman riɗi da dawa a bakin dattawan Hausawan Hawata". Wannan ana iya kammala shi da hira da mutum biyar ko shida, domin da ɗan gari akan ci gari.

Kada kuma a yi jinkiri. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai da dama a Sudan, dattawan da ke riƙe da waɗannan kalmomi kuwa kullum raguwa suke yi.