Watannin Ƙarshe Na Juna Biyu: Abin Da Ke Faruwa Da Uwa Da Ɗan Da Ke Cikinta

Likitoci na lissafa tsawon juna biyu a kan makonni 40, wato kwana 280, daga ranar farko ta jinin al'adar da mace ta gani na ƙarshe. Sun raba wannan lokaci zango uku, kuma zango na uku yana farawa ne daga mako na 28. Ƙarshen wannan zango, daga mako na 34 zuwa haihuwa, shi ne lokacin da ɗan tayi ke kammala shirin rayuwa a waje, jikin uwa kuma yake shirin naƙuda. A wannan lokaci ne hawan jini, zubar jini da matsalar kwanciyar ɗa suka fi bayyana, don haka sanin abin da aka saba gani da abin da ke nuna haɗari ya shafi mai cikin da mijinta da duk wanda ke gida tare da ita.

Ranar da ake rubuta wa mace a katin awo kiyasi ce. Kusan jarirai biyar cikin ɗari ne kawai ake haifa a daidai wannan rana. Haihuwa tsakanin mako na 37 da na 42 tana cikin lokacinta. Wanda ya zo kafin mako na 37 ya cika shi ne bakwaini.

Girman ɗan tayi

A mako na 32 nauyin ɗan tayi bai cika kilo biyu ba. Daga nan yakan ƙara kimanin giram 200 a kowane mako, har ya kai kusan kilo 2.6 a mako na 36. A mako na 40 yawancin jarirai na auna kilo 3 zuwa 3.5, tsawonsu kuma kusan santimita 50. Jaririn da ya gaza kilo 2.5 a ranar haihuwa ana ɗaukarsa mai ƙarancin nauyi. Wani ɓangare na wannan ƙari kitse ne da ke taruwa a ƙarƙashin fata, wanda zai riƙe masa ɗumin jiki bayan ya fito.

Huhu yana cikin sassan da ke nuna a ƙarshe. Akwai wani sinadari mai santsi da huhu ke samarwa, wanda ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa bayan an fitar da numfashi. Sai wajen mako na 34 zuwa 36 yake wadata, shi ya sa matsalar numfashi ta fi kama bakwaini. Ƙwaƙwalwa ma tana ci gaba da girma cikin sauri: a mako na 35 nauyinta kashi biyu bisa uku ne kacal na abin da za ta kai a mako na 39 zuwa 40. Wannan ne dalilin da likitoci ba sa son a tsara tiyata ko tayar da naƙuda kafin mako na 39, sai da larura.

A waɗannan makonni ne kuma uwa ke tura wa ɗanta mafi yawan sinadaran garkuwar jiki ta hanyar mabiyiya, tare da sinadarin ƙarfe da zai ishe shi watannin farko na rayuwa. Lallausan gashin da ya rufe jikinsa yana zubewa, farin maiƙon da ke kare fatarsa yana raguwa, farce ya kai bakin yatsu. Ƙasusuwan kansa ba sa haɗewa, domin kan ya iya matsewa ya bi hanyar haihuwa; maɗigar da ake gani a kan jariri ragowar wannan tsari ce.

Zuwa mako na 36 yawancin 'ya'ya sun juya kai ƙasa. Uku zuwa huɗu cikin ɗari kan kai lokacin haihuwa a zaune, ɗuwawu ko ƙafa a ƙasa. Idan awo ko hoton ciki ya nuna haka, ƙwararren likita na iya juya ɗan daga waje a asibiti, ko a tsara yadda za a karɓi haihuwar. Murza ciki a gida da niyyar gyara kwanciyar ɗa na iya ɓamɓare mabiyiya.

Motsin ɗa

Ana yawan cewa ɗa kan rage motsi idan haihuwa ta matso. Ba haka ba ne. Salon motsin ne ke sauyawa saboda wuri ya yi masa kaɗan: shuri ya koma miƙa da juyi. Yana barci na minti 20 zuwa 40 ya farka. Kowace uwa ta fi kowa sanin yadda ɗanta ya saba motsawa. Idan ta ji motsin ya ragu ko ya tsaya, ta je asibiti a ranar, kada ta bari sai gobe ko sai ranar awo.

Sauye-sauyen jikin uwa

Jinin da ke jikin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya kuma tana aiki fiye da da. Mahaifa ta kai ƙasan haƙarƙari wajen mako na 36, tana danne huhu da tumbi, abin da ke kawo haki da ƙwannafi. Cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, rage yaji da maiƙo, da jinkirta kwanciya bayan cin abinci na rage ƙwannafin.

Daga baya ciki kan sauka, wato kan ɗa ya shiga ƙugu. Ga mai cikin fari hakan na faruwa makonni kafin haihuwa. Ga wadda ta saba haihuwa, sau da yawa sai naƙuda ta fara. Numfashi kan yi sauƙi, amma fitsari ya yawaita, mara ta yi nauyi. Ciwon baya da na ƙugu, taurin bayan gida, basir, ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare da rashin barci duk abubuwa ne da aka saba gani. Nono kan fara fitar da dakashi, ruwan nan mai kauri da launin rawaya, wanda shi ne abincin farko mafi amfani ga jariri, bai kamata a matse shi a zubar ba bayan haihuwa.

Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke sacewa da safe, ba abin tsoro ba ne. Matar da ke yini a tsaye a shago ko a zaune a ofis tana buƙatar ta riƙa sauya yanayi, ta taka kaɗan, ta ɗora ƙafafu a kan wani abu idan ta zauna. Daga mako na 28 ana son ta kwanta barci ta gefe, domin kwanciya rigingine na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Naƙudar ƙarya da ta gaskiya

Ciki kan ɗaure ya saki ba bisa tsari ba, musamman bayan gajiya ko ƙishirwa. Wannan kan lafa idan mace ta huta ko ta sha ruwa. Naƙudar gaskiya tana zuwa a jere, tazararta na raguwa, zafinta na ƙaruwa, hutu kuma ba ya tsayar da ita. Wata alamar ita ce fitar majina mai ɗan jini-jini. Idan ciwon ya koma zuwa duk bayan kusan minti biyar, ko faya ta fashe ko da babu ciwo, lokacin tafiya asibiti ya yi. Ruwan faya mai launin kore ko mai wari na buƙatar gaggawa. Naƙudar da ta wuce sa'a 12 a gida haɗari ce: doguwar naƙuda ita ce babbar sanadin yoyon fitsari, kuma tana iya kashe ɗa da uwa.

Alamun da ba a jinkiri a kansu

Zubar jini ko yaya yake. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani. Gani dishi-dishi ko walƙiya a ido. Kumburin fuska da hannaye farat ɗaya. Ciwo a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Zazzaɓi. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya saki. Haki ko da a zaune. Jijjiga ko suma.

Ciwon kai, dishi-dishi da kumburin fuska na iya zama alamun hawan jinin masu ciki, wanda ake ganewa idan awon jini ya kai 140 bisa 90 kuma aka sami furotin a fitsari. Idan aka bar shi yana kaiwa ga jijjiga. Jijjigar mai ciki cuta ce da asibiti ke da allurarta. Duk mintin da aka ɓata ana hayaƙi ko shafe-shafe a gida yana rage damar ceton ta.

Awo da shiri

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau takwas, kuma biyar daga ciki suna zango na uku ne: mako na 30, 34, 36, 38 da 40. A kowane zuwa ana auna hawan jini da girman ciki, a saurari bugun zuciyar ɗa, a duba kwanciyarsa. Ƙwayoyin ƙarin jini ana shan su kullum har bayan haihuwa. A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yawaita, kamar Nijeriya da Nijar, ana ba mai ciki maganin rigakafi irin su Fansidar, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau uku, tare da kwana cikin gidan sauro. Jiƙe-jiƙen da ake sha da sunan maganin zaƙi ko na saurin naƙuda ba a san ƙarfinsu ba. Duk abin da ya tsananta matsar mahaifa na iya wahalar da ɗa ko ya fasa mahaifar.

Kafin mako na 36 ya kamata iyali su yanke shawarar inda za a haihu, motar da za ta kai mace ko da tsakar dare, kuɗin da aka ware, da mutum ɗaya ko biyu da za su ba da jini idan an buƙata. Maigidan da fatauci ko aiki ke fitar da shi gari ya bar izini a fili cewa a kai iyalinsa asibiti ba sai an jira shi ba. Mai cikin fari da za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta tafi da katin awonta, ta yi rajista a asibitin da ke kusa tun kafin naƙuda, kada kunya ta sa ta ɓoye ciwo.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaciya hutun makonni shida kafin haihuwa da shida bayanta, ma'aikatun gwamnati da dama kuma suna ba da fiye da haka. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu.

Idan ciki ya kai mako na 41 babu naƙuda, mace ta koma asibiti, domin aikin mabiyiya na iya fara raguwa, kuma a lokacin ne likitoci kan ba da shawarar tayar da naƙuda. Allah Ya raba lafiya.