Kuɗin Harbi Ɗaya: Baka da Bindiga a Ƙasar Adar

Bindiga ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa, amma maharban Adar, a duwatsun Buza da kwarin Keita da fadamar Madawa, sun ci gaba da rataya kwari da baka har bayan zuwan Turawa. Akan ce riƙon al'ada ne ya jawo haka. Ni a ganina lissafi ne. Makami sau ɗaya ake sayensa, harbi kuwa kullum ake biyan kuɗinsa, kuma wanda ke neman abincin gida a dawa wannan kuɗi na biyu ya fi damunsa.

A duba abin da kibiya ke ci. Adar ƙasar tama ce, maƙeranta na da sun iya narka ta su fid da ƙarfe, sana'ar da Nicole Echard, mai bincike daga Faransa, ta daɗe tana nazari a kanta. Kan kibiya daga maƙera yake fitowa, kyauro daga fadama, tsarkiya daga fata, dafi kuma daga 'ya'yan kwankwani da ake dafawa har su yi kauri a shafa a bakin ƙarfen. Idan an kuskure nama, sai a bi sawu a tsinto kibiyar, a miƙe ta, a mayar cikin kwari. Bindigar toka ba ta san wannan rangwame ba. Kowane harbi na cinye albarushi da dalma, ko an samu ko an kuskure, ga ƙanƙarar da ke ƙarewa, ga damina da ke jiƙa albarushin. Bindiga mai kyau kuma ta hamada take zuwa, daga Tarabulus, ko daga bakin teku, ta bi hannun fatake da yawa, kowa na ɗora ribarsa. Shi ya sa ta zama kayan sarakuna. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi a Zindar, don yana da haraji da ayarin da za su ɗauki nauyin. Maharbin ƙauye ba shi da ko ɗaya.

Wani zai ce ai yaƙin Galma ya warware gardamar. A 1901, a Galma kusa da Madawa, sojojin Faransa suka karya Kel Geres, Abzinawan da suka daɗe suna juya Adar, kuma bindiga ce ta yi aikin, takobi da mashi ba su tsinana komai ba. Gaskiya ne. Sai dai harsashin da aka zuba a Galma daga baitulmalin wata daula ya fito, sojan da ya ja kunama bai biya ko wuri ba. Kuma tun 1890, yarjejeniyar Burusal ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu irin ta ɗure da albarushin kasuwa. Wato an bar wa talaka bindigar da ke cin kuɗi, aka riƙe wadda ke cin yaƙi. Ƙarfin bindiga a fagen fama bai rage wa mai neman zomo da gada tsadarta ba.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi: kibiya ma ba kyauta ba ce. Kafin yaro ya iya baka sai ya yi shekara da shekaru yana bin uba ko maigida, yana koyon iska da sawu da sirrin dafi, alhali ana iya koya wa mutum ɗura bindiga cikin 'yan kwanaki. Na yarda, amma wannan tsada ta lokaci ce, kuma lokaci shi ne abin da manomin Adar ke da shi da rani, bayan an kai gero rumbu. Tsabar kuɗi ce ba shi da ita, musamman da harajin Turawa ya zo yana neman ta.

Wannan lissafi ne ke bayan bindigar iska ta yau. Ba ta cin albarushi, ƙwayar dalmarta ƙarama ce, ana sayar da ita ɗaruruwa a gwangwani ɗaya, don haka harbi ɗaya bai kai ko kusa da kuɗin harsashi ba. Amma tarihinta na da gargaɗi. Rundunar Ostiriya ta ɗauki bindigar iska ta Girandoni wajen 1780, ta ajiye ta wajen 1815, saboda tulun iskarta na da wuyar ƙerawa da gyara, cika shi kuma sai an buga famfo fiye da sau dubu. Arhar harbi ta tafi a gyara. A Buza ko Keita ma haka abin zai kasance: maƙeri na iya gyara bindigar toka, amma robar da ke riƙe iska da ƙwayar da ta dace da bututu sai an kawo daga waje. Ƙarfin ƙaramar bindigar iska ta yau bai wuce kurciya da zomo ba, ko da yake fari na 1973 da na 1984, da gonakin da suka cinye daji, sun riga sun rage manyan namun da za a ce ta gaza a kansu.