Gavaskar da West Indies: Sake Duba Ɗari Goma Sha Uku

Wani ra'ayi yana ƙara samun gindin zama tsakanin masu bin diddigin alƙaluman kurket, wai sunan da Sunil Gavaskar ya yi na tsayawa gaban masu jifa da ƙarfi na West Indies zuƙi ne kawai. Tarihin mutumin ba ya buƙatar maimaitawa: wasan kwana biyar 125 ga Indiya tsakanin 1971 da 1987, maki 10,122, ya kai ɗari sau 34, kuma shi ne ya fara haura maki 10,000. Shekarunsa na farko suna cikin littafinsa Sunny Days (1976). Inda ake taƙaddama wuri ɗaya ne, wato ɗari-ɗari har 13 da ya ci a kan West Indies.

Mai sukar cewa yake a warware goma sha ukun nan a duba su ɗaya bayan ɗaya. Huɗu sun zo ne a rangadin 1971, wanda ya tara maki 774 a cikinsa, lokacin Wes Hall da Charlie Griffith sun riga sun bar fage, Andy Roberts kuma bai fito ba tukuna. Wasu huɗun a 1978-79 ne, bayan Kerry Packer ya kwashe manyan 'yan wasa zuwa gasarsa a Ostareliya, aka bar Alvin Kallicharran da sababbin jini. Biyu a Port of Spain ne a 1976, filin da aka sani da taimaka wa masu murɗa ƙwallo. Saura uku, duka a 1983. Biyu daga cikinsu ma bai ƙyale su ba: 147 na Georgetown a wasan da ruwan sama ya cinye aka ci su, 236 na Madras kuwa bayan Indiya ta riga ta sha kaye sau uku a jerin wasannin.

Lissafin nan daidai ne, babu amfanin a yi masa gardama. Hukuncin da aka ɗora a kansa ne, a ganina, ya wuce gona da iri.

A ɗauki 1976. Mai sukar yana auna wasan da ma'aunin da bai wanzu ba a lokacin. A wasa na uku an ba Indiya maki 403 ta kamo, ta kuwa kamo su, Gavaskar ya ci 102. Clive Lloyd, jagoran West Indies, ya shiga wasan da masu murɗa ƙwallo uku, suka kasa masa aiki, kuma yawancin marubuta na danganta komawarsa ga masu jifa da ƙarfi zalla da wannan rana, haɗe da kayen da ya sha a Ostareliya watanni kaɗan kafin nan. Da wuya a zargi mutum da rashin fuskantar tsarin da shi kansa yana cikin dalilan ƙirƙiro shi. Wasan da ya biyo baya a Kingston, inda Michael Holding ya yi ta auna jikin Indiyawa har aka kai wasunsu asibiti, Gavaskar ya ci 66 a shigar farko ba hular kwano a kansa. Wannan ba ya cikin goma sha ukun, shi ya sa mai sukar ya tsallake shi. Matsalar ƙirga ɗari kaɗai ke nan, ko daga masoya ko daga masu suka.

Ƙungiyar 1978-79 ma ba ta kai raunin da ake faɗa ba, domin akwai Sylvester Clarke a ciki, kuma a rangadin ne Malcolm Marshall ya fara. Ba zan matsa a nan ba, Marshall na lokacin yaro ne.

Amma dole a taƙaita da'awar. Ba za a iya cewa Gavaskar ya mallake masu jifa huɗu na Lloyd ba. A rangadin farkon 1983, in aka cire Georgetown, bai taɓuka abin kirki ba. Mohinder Amarnath ne ya tsaya, da maki 598. Abin da hujja ta ba da dama a faɗa ya fi haka ƙanƙanta, ko da yake ina jin ya fi ƙarfi: Gavaskar na iya sake salonsa bayan an gano lagonsa, abin da kaɗan ne suka iya a gaban waccan ƙungiya. Amarnath ɗin nan, da West Indies ta zo Indiya a ƙarshen shekarar, maki ɗaya tak ya samu a shiga shida.

Shaidar sake salon Gavaskar tana tsakanin Kanpur da Delhi, a wannan ziyara ta West Indies. A Kanpur, Marshall ya jefo ƙwallon da ta taso masa har ta fizge sandar daga hannunsa aka cafke shi, aka fara cewa ɗan shekara 34 ya ƙare. A Delhi, mutumin da ya shafe shekaru yana sunkuyar da kai ƙwallo ta wuce sai ya koma tarbar ta a daidai fuska yana korar ta zuwa iyakar fili. Ya cika ɗari da ƙwallo 94, ya ƙare da 121, ya kamo Don Bradman a ɗari na 29. Ba ruwan sama, ba a kuma gama yanke jerin wasannin ba, Marshall da Holding duk suna fili. Wanda ya taɓa cin 36 da ƙwallo 174 a gasar cin kofin duniya ta 1975 ne ya yi wannan, kuma mai sukar, da ya samar wa ɗari goma sha biyu uzuri, bai ce komai a kan Delhi ba.

Na Madras ma uzurin nasa bai cika ba. Gavaskar ya shigo na huɗu, Indiya ta rasa mutum biyu ba ta ci ko maki ɗaya ba, Marshall da Roberts da Holding kuma ba su rage gudu don an riga an yi nasara ba. Ko hakan ya isa a kira shi gwarzon zamaninsa a gaban jifa mai ƙarfi, sai an jera shi da Allan Border da Graham Gooch wasa bayan wasa, aikin da ƙirga goma sha uku ba zai yi wa kowa ba.