Dakta Kees Waaldijk da Tiyatar Yoyon Fitsari a Katsina

Dakta Kees Waaldijk likitan tiyata ne ɗan ƙasar Holan, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a asibitin Babbar Ruga, a wajen birnin Katsina kan hanyar Batsari. Yana cikin likitocin da suka fi kowa yawan yin wannan aiki a duniya, kuma ya koyar da shi ga ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya.

Zuwansa Katsina

Ya iso Babbar Ruga a 1983 don kula da masu ciwon kuturta, domin tun zamanin Turawa wurin asibitin kutare ne. A nan ya tarar da wata lalurar da ba ta da mai kula da ita. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da gaban mace, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu ya bar kafa. Galibi jaririn ba ya rayuwa, uwar kuma fitsari ya riƙa zubo mata dare da rana. Yankan gishiri ma yana jawo haka. Da yawa daga cikin matan mazajensu sun sake su, mutane sun ƙaurace musu saboda wari. A 1984 ya fara yi musu ɗinki, labari ya bazu, mata suka riƙa zuwa daga ƙauyukan Arewa har da Jamhuriyar Nijar.

Hanyar aikinsa

Waaldijk ya tsara aikin yadda zai yiwu a asibitin da ba shi da kayan tsada. Yana yin ɗinkin ta gaba ba tare da tsaga ciki ba, da allurar kashe ƙugu a maimakon sa barci. Babbar gudummawarsa ita ce rushe tsohuwar ƙa'idar cewa sai mace ta jira wata uku kafin a taɓa ta. Ya nuna cewa idan aka sa robar fitsari da wuri, aka bar ta makonni, mace tana shan ruwa da yawa, ƙaramar kafa takan toshe da kanta, sauran kuma a ɗinke su ba jinkiri. Ya wallafa sakamakon wannan bincike a 2004.

Rubuce-rubuce da koyarwa

Digirinsa na uku, wanda ya samu a Jami'ar Utrecht a 1989, ya ginu ne kan mata 775 da ya yi wa aiki a Arewacin Nijeriya. A 1994 ya fitar da littafin koyar da wannan tiyata daki-daki, a 1995 kuma ya kasa ciwon gida uku bisa inda kafar take, tsarin da ake aiki da shi har yau.

Bai tsaya a Katsina ba. Yakan zagaya cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala a Kano, da asibitocin Sakkwato, Zariya da Damagaram, yana aiki yana koyarwa. Ya kuma shugabanci ƙungiyar likitocin yoyon fitsari ta duniya.

Abin da ya bari

Yau Babbar Ruga tana hannun Gwamnatin Tarayya a matsayin cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa, tare da takwarorinta na Abakaliki da Ningi. Sai dai ɗinki gyara ne bayan ɓarna. Ciwon zai ƙare ne ranar da kowace mai ciki take zuwa awo, aka kuma kai mai doguwar naƙuda asibiti kan lokaci.