Tarihin Titunan Maraɗi da Bazuwarta Zuwa Ƙasar Madarunfa

Maraɗi, babban birnin jihar Maraɗi a kudancin Nijar, gari ne da aka shata titunansa da igiya da turaku tun kafin a ɗora tubalin yawancin gidajensa. Tana zaune a kan tudu gabas da Gulbin Maraɗi, daga kudu kuma ta yi iyaka da ƙasar Madarunfa, wadda gonakinta ke karɓar wani kaso na bazuwar birnin a yau.

Asalin garin ba a kan tudun yake ba. Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi, ƙarƙashin Ɗan Kasawa, sun kafa gadon sarautarsu wajen 1819 a cikin kwarin gulbi, inda duhuwar itatuwa ke kare su daga dawakin abokan gaba. Tsarin wannan tsohon gari na birnin Hausa ne: gida na haihuwar gida, lungu na lanƙwasa ya bi katangar dangi, wani ya ɓulle kasuwa, wani ya ƙare a ƙofar zaure. Mai ƙafa da mai jaki ba su rasa hanya, baƙo ne kawai kan ɓata.

A daminar 1945 gulbi ya yi ambaliya ya rushe garin. Hukumar mulkin mallakar Faransa ta mayar da jama'a bisa tudu, ta yanka musu filaye murabba'i, tituna miƙaƙƙu masu faɗi suna gicciye juna kamar gidajen dara. Mutane suka hau tudun da sunayen unguwanninsu: Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Limanci, Mokoyo, Ɗan Gulbi. Wannan ƙaura ita ce mafi girman abin da ya taɓa faruwa ga fasalin Maraɗi, domin duk wani yankan fili da hukuma ta yi daga baya wancan zane ya kwaikwaya.

Gyaɗa ce ta fara cika gidajen darar. A lokacin ana saye a Maraɗi, a ɗora a mota a bi ta Katsina zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano. Lokacin da fari na shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, alhazan birni sun riga sun juya ga fataucin atamfa da taba da sauran haja tsakaninsu da Najeriya, talakawan karkara kuma yunwa ta koro su gari. Mutanen da ba su kai 9,000 ba a 1950 sun kai wajen 80,000 a 1983. Ƙidayar 2001 ta sami kimanin 148,000, ta 2012 kuma 267,249. Aka buɗe Sabon Gari, aka buɗe Sabon Kare, wanda sunansa ma daga kalmar Faransanci ta fili mai kusurwa huɗu ya samo asali, sannan Zariya da Ali Ɗan Tsoho. Yamma gulbi ya tare hanya, don haka gari ya miƙa arewa da gabas da kudu.

Masana tsarin birane suna auna haɗuwar tituna da abubuwa masu sauƙin ganewa: mararraba nawa ke da hannu huɗu, tituna nawa ne ba su ɓullewa, kuma zagaye nawa mutum zai yi kafin ya isa wurin da yake hangowa da ido. A 2020 Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball sun wallafa nazarin taswirar titunan duniya, suka nuna cewa tun 1975 sababbin unguwanni a ƙasashe da yawa sai ƙara rufewa suke yi, irin na bayan garin Amurka da gidaje masu shinge da maigadi. Da wannan ma'auni tsakiyar Maraɗi tana cikin masu sa'a. Kusan kowane titi yana ɓullewa, mai kabu-kabu yana da hanya uku ko huɗu zuwa babbar kasuwa, yarinya mai talla tana ratsa unguwa ba tare da ta hau babban titi ba.

Sai dai taswira ba ta nuna rairayi. Yawancin titunan cikin unguwa ba su da kwalta, da rani taya na nutsewa, da damina ruwan da ke gangarowa daga tudu zuwa gulbi yana bin miƙaƙƙen titi da gudu, ya zaftare shi ya mayar da shi kwazazzabo. Titin da ke haɗe a takarda sai ya tsinke a ƙasa, motoci da ƴan adaidaita su tattaru a kan ƴan hanyoyin da aka shimfiɗa wa kwalta. Ayyukan Maraɗi Kwalliya, da aka yi don bikin ƙasa na 18 ga Disamba na 2015, sun ƙara tituna masu kyau a cikin gari, amma bakin gari ya riga ya yi nisa. A ganina babbar illar tana ga yadda ake yanka filaye. Sayar da fili hanyar samun kuɗi ce ga ma'aikatun magajin gari, sayensa kuma ajiya ce ga mai hali, shi ya sa ake yanka fiye da abin da za a gina. Sai ka ga gida ɗaya, kango uku, gero a tsakani, ga fanfo da wuta da makaranta can baya. Manomin da ya sayar da gonar gado ya ci kuɗin sau ɗaya ne, mai ƙaramin ƙarfin da ya tare a can kuwa kullum sai ya biya kuɗin babur.

Ta kudu abin ya fi fitowa fili. Hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ta tsallaka iyaka zuwa Jibiya da Katsina, tana jan gine-gine a gefenta biyu: gidajen mai, ɗakunan ajiyar kaya, gareji. Irin wannan bazuwa ta bin titi guda ba ta haifar da mararraba, kowa sai ya fito babbar hanya kafin ya je wurin maƙwabcinsa. Nan ne birni ke tunkarar ƙasar Jiratawa mai filayen noman rani, kuma ƙauyen da gari ya cim masa yakan riƙe tsofaffin lungunansa, sabon yanka ya zo ya tsaya a bayan dangarsa ba tare da hanyoyin biyu sun sadu ba.

Garin Madarunfa kansa, mai tazarar kusan kilomita 25 daga Maraɗi, har yanzu tafkinsa da kaburburan waliyyai 99 ne suka fi ba shi suna, kuma tun 2006 suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai shigo Nijar, wato sai ya ratsa ƙasar Madarunfa kafin ya isa birni.